Tsamin nan ba lalacewa ba ne

Ɗan'uwa, ka tambaya ko giyar da ƙaramin kamfanin nan ya fitar ta lalace ne tunda tana tsami, da kuma dalilin ƙarancin kwalabenta.

Da gangan suka yi. Ƙwayoyin bakteriya masu suna Lactobacillus da Pediococcus ne ke kawo tsamin, yis ɗin Brettanomyces kuma ya ba ta wani ƙamshi kamar na tsohuwar fata, wanda ni dai ban ga laifin mai yamutsa fuska a kansa ba. A Beljiyam, kusa da Brussels, masu yin lambic, wata giya mai tsami irin wannan, a lokacin sanyi kawai suke dafawa. Sai su juye ruwan cikin wani faffaɗan kasko, ya kwana a buɗe, iska ta zuba masa ƙwayoyinta, da safe a ɗura a gangunan katako. Nan zai zauna shekara 1 zuwa 3.

Ƙarancin kuwa daga gangar yake. Katako ya sha nasa, wani ya bi iska, wata gangar kuma ta koma ruwan khal a zubar. Abin da ya rage ake gaurayawa, sabuwa da tsohuwa. Idan ya ƙare, sai wata shekarar, kuma ɗanɗanon ba zai zo ɗaya ba.