Rashin Lafiya Mai Tsanani da Kuɗin Fansho

Tambaya: Mijina ma'aikacin kamfani ne, shekarunsa 43. Likitoci sun ce ciwon hantarsa ya wuce magani. Zai iya karɓar fanshonsa yanzu? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

Amsa: Allah ya ba shi sauƙi, 'yar uwa. Zai iya. Dokar fansho ta 2014 ta halatta taɓa asusun fansho kafin shekara 50 idan ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar a rubuce cewa ma'aikaci ba zai iya ci gaba da aiki ba.

Ku kai wa kamfanin da ke kula da asusunsa rahoton likita, da takardar ritaya wadda ta ambaci rashin lafiya ƙarara, da lambar NIN. Kada ya rubuta takardar ajiye aiki kawai, domin hakan kashi 25 cikin ɗari na kuɗin asusun kaɗai zai ba shi, bayan wata huɗu ba aiki.

Amma ku yi lissafi tukuna. Wanda ya rasu yana bakin aiki, iyalinsa na da inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara, ritaya kuwa tana yanke ta. Ku kuma duba ko wurin aikin ya zuba kuɗin kowane wata, don giɓi yakan jinkirta biya.