Bigudin tururi a kan gashin da ba a sa ma defrizan ba

'Yar uwa, kin ce an aiko miki da bigudin tururi (abin naɗe gashi mai soso da ake ɗumamawa a kan na'urar tururi) daga Amurka, kina tambaya ko zai lanƙwasa gashinki tunda ba ki taɓa sa defrizan (man miƙar da gashi) ba. Zai yi, amma sai kin fara miƙar da gashin tukun, kuma ya bushe sarai kafin ki naɗa. In kika naɗa shi a cukurkuɗe yadda yake, tururin zai sa ya ƙara tsukewa ne kawai, ki kwance ki ga ba abin da ya sake.

Dalili shi ne gashinmu da ya ji danshi sai ya koma gidansa na jiya, shi kuwa tururi ai ruwa ne. Ni kitson zare nake yi in kwana da shi, da safe in kwance in taje, in shafa man kaɗe ɗan kaɗan (kar ki cika, nauyi yake sa wa gashi), sannan in ɗora bigudin kan na'urar na 'yan daƙiƙu, soson ya yi ɗumi ba ya jiƙe ba, in naɗa ƙananan sashe in bari ya huce gaba ɗaya kafin in cire. A nan Yamai lokacin hunturu ya fi riƙewa tunda iska a bushe take, da damina kam kafin ki kai wurin biki ya kumbura. Kuma ki duba jikin na'urar kafin ki jona, na Amurka yawanci volt 110 zuwa 120 ne, kuran ɗinmu (wutar lantarki) 220, in babu transfo mai rage ƙarfin wuta ƙonewa za ta yi.