Tambaya da Amsa: Zuwa Bikin Argungu da Iyali

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Gusau ne, kuma tun ina yaro nake sha'awar kaɗe-kaɗen gargajiya. Ina so in je bikin Argungu tare da maiɗakina da ƙananan 'ya'yanmu biyu, amma an ce mini cunkoson ya wuce misali. Shin akwai kiɗan da ya cancanci wannan tafiya, ko kuwa kamun kifi ne kawai? Wane shiri ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka je, domin mai son kiɗan gargajiya ba zai yi da-na-sanin zuwa Argungu ba, amma ka tsara tafiyar bisa abin da yara za su iya ɗauka.

Bikin ya samo asali ne a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, ziyarar da ta zama alamar ƙarshen daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Ka san kuwa a ƙasar Hausa ba a tarbar sarki ba tare da makaɗa ba, shi ya sa kiɗa bai taɓa zama baƙo a wannan taro ba. A wurin sarakuna za ka ji kakaki da algaita da kiɗan fada, a filin dambe kalangu ne ke zuga 'yan wasa, kokawa ma da nata kiɗan. Har a cikin ruwa makaɗa kan bi masunta cikin kwalekwale suna kaɗa musu. Wannan haɗuwa ta sana'a da wasanni da kiɗa ce ta kai bikin cikin jerin al'adun gado na hukumar UNESCO a 2016.

Abin da aka faɗa maka game da cunkoso gaskiya ne, sai dai ba kowace rana ce haka ba. Bikin kwana huɗu ne, kuma turmutsutsun ya fi tsanani a ranar ƙarshe, sa'ad da dubban masunta ke jeruwa a bakin kogin Matan Fada, kowa da homa da gora, suna jiran a ba su alama su auka ruwa a guje. Kowa yana son ya ga giwan ruwan da za a fito da shi (a 2020 wanda ya zo na ɗaya ya kama mai nauyin kilo 78), don haka 'yan kallo kan yi ta matsowa gaba. A ganina wannan ba wurin ƙaramin yaro ba ne. Idan ba ku sami mazauni a rumfa ba, ku tsaya nesa da gaɓa da kuma hanyar da masunta za su bi. Kwanakin farko, da ake wasannin kabanci kamar tseren kwalekwale da kamun agwagwar ruwa, sun fi sauƙi ga iyali, kuma kiɗan da ka je nema ya fi jiyuwa a lokacin.

Galibi ana yin bikin a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da ƙura ba ta gama wucewa ba kuma zafi ya fara kankama, saboda haka ku riƙe isasshen ruwan sha da malafa da takunkumi. Ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa wa kowane yaro a aljihu, kuma ku tsayar da wuri guda da za ku haɗu idan kun rabu, domin layin waya kan cushe a irin wannan taro. Da dare, kada ku zauna kusa da lasifika, tunda kunnen yaro bai kai na babba juriya ba.

Masauki a Argungu kan cika da wuri. Da zarar gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da ranakun bikin, ka nemi ɗaki a can ko a Birnin Kebbi, ku riƙa fitowa da sassafe kuna komawa kafin dare ya yi nisa. Idan rana ta take, ku fake a gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Argungu, yara su huta su kuma ga kayan yaƙin Kabawa. Allah ya kai ku lafiya.