Yadda shugabar jam'iyya a Jojiya ta gaji kujerar John Lewis

Tambaya: Malam, ina bin labaran siyasar Amurka, sai na ji cewa wata mata mai suna Nikema Williams ta shugabanci jam'iyyar Dimokurat a jihar Jojiya, kuma ita ce jam'iyyar ta tsayar takarar majalisar wakilai bayan rasuwar John Lewis, ɗan majalisar da ke riƙe da kujerar, ba tare da an yi zaɓen fidda gwani ba. Ashe wannan ba shi ne ɗauki-ɗoran da muke kuka da shi a nan ba? Kuma wane irin ƙarfi shugaban jam'iyya na jiha yake da shi a can? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, na gode da wannan tambaya, kuma abin da ka ji gaskiya ne. Nikema Williams ba ta shiga zaɓen fidda gwani na wannan kujerar ba a shekarar 2020, mutane 'yan kaɗan ne suka zauna suka ba ta tikiti, a lokacin kuma ita ce shugabar jam'iyyar. Sai dai kafin mu yanke hukunci, ya kamata ka san yadda ake samun tikiti a can a ranar da babu mutuwa babu gaggawa, domin a nan bambancin yake.

A Jojiya ba jam'iyya ce ke shirya zaɓen fidda gwani ba. Gwamnatin jiha ce ke shirya shi, a rumfunan zaɓen da ake yin babban zaɓe, da ma'aikatan zaɓe na gwamnati. Duk wanda ke da rajistar zaɓe zai iya zuwa ya ce a ba shi takardar Dimokurat ko ta Rifablikan, ya zaɓi wanda yake so, ba a tambayarsa katin jam'iyya. Babu daliget da za a kulle a otal. Mai son tsayawa takarar majalisar wakilai ta tarayya yana biyan kashi 3 cikin 100 na albashin kujerar na shekara, wato dala 5,220, tunda albashin dala 174,000 ne. Ka kwatanta da naira miliyan 10 da APC ta sa wa fom ɗin majalisar wakilai a 2022. To a irin wannan tsari, shugaban jam'iyya ba shi da tikitin da zai ba kowa. Aikinsa tara kuɗi, ɗaukar ma'aikata, buɗe ofisoshi a gundumomi, lallashin mutanen kirki su fito takara a wuraren da jam'iyya ba ta da kowa, tura lauyoyi idan an taɓa ƙuri'a, da kuma fitar da jama'a ranar zaɓe. Aiki ne na wahala, kuma a Jojiya har zuwa 2025 ba a biyan mai yin sa albashi.

Ita Nikema ta daɗe tana wannan wahalar. An haife ta a 1978 a garin Columbus na Jojiya, ta tashi a wani ƙauye mai suna Smiths Station a jihar Alabama, a gidan da takan ce ko ruwan famfo babu. Daga cikin danginta, a layin kakanni, akwai Autherine Lucy, baƙar fatar da ta fara shiga Jami'ar Alabama a 1956, aka yi mata bore har aka kore ta. Nikema ta yi karatun kimiyyar halittu a kwalejin Talladega, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun baƙaƙen fata, sannan ta koma Atlanta. Ta yi shekaru tana aiki da Planned Parenthood, ƙungiyar da ke harkar lafiyar haihuwa da kare 'yancin zubar da ciki, abin da ya sa masu ra'ayin riƙau ba su taɓa yi mata kallon arziki ba. A jam'iyya kuwa daga ƙasa ta taso: ta zama mataimakiyar shugaba ta ɗaya a 2011, ta yi riƙon ƙwarya a 2013 da shugaban ya yi murabus, sannan a 2017 ta ci zaɓen cike gurbi ta zama sanata a majalisar dattawan jiha.

Abin da ya fito da sunanta duniya ya faru ranar 13 ga Nuwamba 2018. Mako guda kenan da zaɓen gwamna tsakanin Stacey Abrams ta Dimokurat da Brian Kemp na Rifablikan, wanda a lokacin yaƙin neman zaɓe shi ne sakataren jiha, wato jami'in da ke kula da zaɓen da shi kansa yake takara a ciki. Jama'a suka taru a babban zauren ginin majalisar jiha a Atlanta, ƙarƙashin ƙubbar nan mai ruwan zinariya, suna cewa a ƙirga kowace ƙuri'a. Majalisa na zama na musamman a ranar. Nikema ta sauko ta tsaya cikin mutanen mazaɓarta, 'yan sanda suka zo kama masu zanga-zangar suka haɗa da ita, suka ɗaure mata hannu ta baya da igiyar roba, suka sa ta a mota zuwa gidan yarin gundumar Fulton, ta yi sa'o'i a tsare. Sanata ce mai ci, a wurin aikinta, a ranar zama. A 2019 aka janye tuhumar. Wata biyu bayan kamun, a Janairun 2019, aka zaɓe ta shugabar jam'iyya ta jiha, baƙar fata mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami.

Yanzu mu zo kan gaɓar tambayarka. John Lewis ya wakilci mazaɓa ta 5 ta Jojiya, wadda ta ƙunshi mafi yawan birnin Atlanta, tun daga 1987. Shi ne matashin da 'yan sanda suka fasa wa kai a gadar garin Selma da ke Alabama ranar 7 ga Maris 1965, yana gaban masu tattakin neman 'yancin zaɓe. A watan Yunin 2020 ya sake cin zaɓen fidda gwani duk da yana fama da kansar da ta kama shi, sai ya rasu ranar Juma'a 17 ga Yuli yana da shekara 80. Sunansa na kan jerin 'yan takarar Nuwamba. Dokar Jojiya ta ce idan ɗan takara ya rasu bayan ya sami tikiti, kwamitin zartarwa na jam'iyya a jiha ne zai ba da sunan wani, kuma wa'adin ya cika da yammacin ranar aiki ta gaba, wato Litinin 20 ga Yuli. Ko jana'iza ba a yi ba.

Cikin Asabar da Lahadi mutum 131 suka aika da takardar neman kujerar. Aka kafa ƙaramin kwamitin tantancewa, ciki har da Stacey Abrams da magajiyar garin Atlanta ta lokacin Keisha Lance Bottoms da Jason Carter, jikan tsohon shugaba Jimmy Carter. Suka rage su zuwa biyar: Nikema Williams, da 'yar majalisar jiha Park Cannon, da kansila Andre Dickens wanda daga baya ya zama magajin garin Atlanta, da Robert Franklin tsohon shugaban kwalejin Morehouse, da James Woodall shugaban NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, a jihar. Ranar Litinin, lokacin ana tsakiyar korona, kwamitin zartarwa ya zauna ta bidiyo a intanet, kowane ɗan takara ya yi ɗan jawabi daga ɗakinsa, aka kaɗa ƙuri'a. Nikema ta sami 37 daga cikin 41. Ta janye hannunta daga jagorantar zaman, amma waɗanda suka yi zaɓen abokan aikinta ne na shekara da shekaru, kuma mijinta ma ya taɓa aiki a ofishin marigayin.

Shin ɗauki-ɗora ne? A ganina ba shi ba ne, domin ɗauki-ɗoran da muka sani shi ne a yi zaɓe a ƙwace, ko a hana yin zaɓen da doka ta ce a yi, ko wani mai gida ya rubuta suna a ɗakinsa. A nan doka ce ta ɗora wa kwamiti nauyin, an buɗe ƙofa ga kowa, an yi zaman a bainar jama'a, an sanar da adadin ƙuri'u. Amma ba zan ɓoye maka ba, ƙorafin da aka yi yana da tushe, kuma ni ma ya dame ni. Mazaɓa ta 5 gidan Dimokurat ce, wanda duk ya riƙe tikitin ya riga ya ci. Ke nan mutum 41 ne suka zaɓa wa mutane sama da 700,000 wakili, a kujerar mutumin da ya ba da jininsa don talaka ya sami damar zaɓen wakilinsa da kansa. Wasu na kusa da marigayin sun ba da shawarar a tsayar da wani dattijo wanda zai yi alkawarin sauka a Janairu, don a yi sabon zaɓe kowa ya fito. Kwamiti bai bi wannan ba. Hujjar masu adawa da shawarar ita ce za a bar mazaɓar babu wakili na wasu watanni, kuma ranar sabon zaɓen tana hannun gwamna Kemp na Rifablikan. Hujja ce mai ƙarfi, amma da an bi shawarar, da babu wanda zai yi mata gorin cewa alƙali ne ya yanke wa kansa hukunci.

Mu ma mun taɓa ganin irin wannan ruɗani. Ka tuna Kogi a Nuwamban 2015, da Abubakar Audu ya rasu ana tsakiyar tattara sakamako, APC ta kawo Yahaya Bello, rigimar ta kai har Kotun Ƙoli. Dokar zaɓe ta 2022 ta zo ta ce idan ɗan takara ya rasu ko ya janye, jam'iyya ta sake zaɓen fidda gwani cikin kwana 14. A takarda dai, wannan tanadi ya fi na Jojiya ba wa 'yan jam'iyya haƙƙinsu.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne an yi zaɓe iri biyu a kan kujerar. Akwai na cike ragowar wa'adin marigayin, wanda Nikema ba ta shiga ba. Kwanza Hall ne ya ci shi a zagaye na biyu a farkon Disamba, ya zauna a majalisa wata guda kacal. Ita kuma ta ci babban zaɓen Nuwamba da kusan kashi 85 cikin 100 a kan Angela Stanton-King ta Rifablikan, aka rantsar da ita ranar 3 ga Janairu 2021.

Wannan lokacin shi ne ganiyarta. Joe Biden ya ci Jojiya da ratar ƙuri'a ƙasa da 12,000, karo na farko da Dimokurat ta ci jihar a zaɓen shugaban ƙasa tun 1992, kuma tana cikin wakilai 16 da suka kaɗa wa Biden ƙuri'ar jihar. Ranar 5 ga Janairu 2021 Raphael Warnock da Jon Ossoff suka ci kujerun sanata biyu a zagaye na biyu, majalisar dattawan Amurka ta koma hannun Dimokurat. Ba ita kaɗai ta yi aikin ba, ƙungiyoyin rajistar masu zaɓe irin waɗanda Abrams ta kafa sun yi shekaru suna bi gida-gida, amma jam'iyyar da take shugabanta ce ta haɗa kan aikin.

Matsalar ta biyo baya ne, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa a labarin nan. Nikema ba ta ajiye shugabancin jam'iyya ba bayan ta tafi Washinton, ta riƙe biyun, har aka sake zaɓenta a 2023. Ɗan majalisar tarayya kuwa doka ta ɗaure masa hannu. Tun dokar kuɗin yaƙin neman zaɓe ta 2002 aka taƙaita irin kuɗin da mai riƙe da muƙamin tarayya zai iya nema, don haka akwai manyan gudunmawar da shugaban jam'iyya na jiha zai iya roƙo don zaɓukan cikin jiha, amma ita ba ta da damar buɗe baki ta roƙa. Ga kuma lokaci: rabin mako tana Washinton, jihar kuma tana da gundumomi 159, mafi yawansu karkara, inda jam'iyyar ke buƙatar wanda zai je ya zauna da mutane. Lokacin da ake cin zaɓe babu wanda ya ɗaga murya sosai. Sai Kemp ya sake kayar da Abrams a 2022 da rata mai faɗi, sannan Donald Trump ya karɓe jihar a 2024. Daga nan gunaguni ya fito fili, jaridun jihar suka ruwaito cewa Sanata Ossoff, wanda a lokacin zaɓensa na 2026 ke tafe, yana cikin masu son ta sauka.

Ba a tsige ta ba. A ƙarshen Maris 2025 kwamitin jam'iyya na jiha ya gyara ƙa'ida, ya mai da shugabancin aiki na cikakken lokaci mai albashi. Ƙa'idojin majalisar wakilai sun iyakance kuɗin da ɗan majalisa zai samu daga wani aiki na waje, don haka dole ta zaɓi ɗaya. Ta goyi bayan gyaran, ta ajiye shugabancin ranar 31 ga Maris bayan shekara shida, ta ci gaba da wakiltar mazaɓa ta 5, wadda ta sake ci a 2022 da 2024. A watan Mayu jam'iyyar ta zaɓi Charlie Bailey, lauya wanda ya taɓa tsayawa takarar babban lauyan jiha a 2018 da ta mataimakin gwamna a 2022 bai yi nasara ba, kuma ba ya riƙe da wata kujera.