Magungunan Indiya za su ci gaba da fita, amma da sharaɗi

Ka tambaya ko magungunan da Indiya ke fitarwa waje za su ci gaba da ƙaruwa. E, za su ƙaru. Kusan kashi 20 cikin ɗari na magunguna masu rahusa da duniya ke sha daga can suke fitowa, kuma da wuya a karya wa masana'antun Hyderabad da Gujarat farashi.

Sai dai, ɗan'uwa, yawancin sinadaran haɗa maganin daga Sin suke sayo su, don haka sharaɗin shi ne su ci gaba da samun sinadaran daga can. Da korona ta tsayar da masana'antun Sin, Indiya ta taƙaita fitar da farasitamol a Maris 2020. Ina sayar da magani a Kano lokacin, kuma wallahi samun kwali ɗaya sai da ya zama aiki.