Tabaran DJI da jirgin Walksnail: amsar tambayarka ta jiya

Ɗana, abu biyu ka tambaye ni jiya muna rufe shago. Na farko, me ya sa tabaran DJI, wato tabaran da matuƙin jirgi mara matuƙi (drone) ke sawa ya ga abin da kyamarar jirgin ke gani, da mai ɗaukar bidiyon bikin nan ya kawo ya ƙi kama hoton jirgin da aka saka wa na'urar watsa hoto ta Walksnail, alhali duk dijital ne, kuma duk a zangon rediyo na 5.8 GHz suke aiki. Sannan ka ce, "Oga, to in mutum ya tambaye ni wanne ya fi, me zan ce masa?"

Ta farkon ba ta da tsawo. Ba za su taɓa haɗuwa ba, ka daina danna maɓallin haɗa su ɗin nan. Analog ne ya saba maka da haka, domin shi a fili yake watsa hotonsa, kowa ya zo ya ɗiba. Ka sa kyamarar wani kamfani da na'urar watsawa ta wani, ka ɗauki tabaran Fat Shark ko Skyzone, muddin kun dace a tasha ɗaya, hoto zai fito. Tashoshi takwas ɗin nan na Raceband, daga 5658 zuwa 5917 MHz, na kowa da kowa ne. Dijital kuwa kowane kamfani da yadda yake ƙunshe hotonsa, kuma risibarsa kaɗai ke iya kwancewa. DJI ya fito da nasa a 2019. HDZero na kamfanin Divimath ne, a baya ya fito da sunan Shark Byte tare da Fat Shark. Walksnail na Caddx ne, ya zo a 2022. Gida uku ke nan, ba mai jin yaren wani. Kai ko a cikin gidan DJI ma sai ka duba: tabaransu na farko, V1, ba ya karɓar na'urarsu ta cikin jirgi O3 da ta fito a 2022, haka V2 ba ya karɓar O4 ta 2025. Saboda haka kafin ka karɓi kuɗin kowa, ka karanta abin da ke rubuce a jikin na'urar da ke cikin jirgin, ka karanta na tabarau.

Akwai wata 'yar mafita da ya kamata ka sani. Walksnail da HDZero suna sayar da risiba daban, ɗan akwati da ake maƙalawa a goshin tabarau a haɗa da wayar HDMI. Wanda ke da tabaran analog mai kyau mai ƙofar HDMI ba sai ya yar da shi ba. Na DJI risibar a ciki take, tare ake sayensu.

Tambayarka ta biyu ita ce nake so ka zauna ka saurara. Yawancin masu zuwa nan kyan hoto suke kallo. A sa musu tabarau a cikin shago, jirgi na kan tebur taku biyu daga inda suke, su ga hoto tas, su ce wannan suke so. A taku biyu kowane hoto mai kyau ne. Abin da matuƙi ke rayuwa da shi shi ne yadda hoton ke mutuwa lokacin da jirgi ya shiga bayan gini ko bayan bishiyar darbejiya. Ka tuna talabijin ta eriya da ta dish in hadari ya haɗo. Ta eriya sai yayyafi ya cika allo, amma kana ganin inuwar mai magana har ƙarshe. Ta dish kuwa tana nan tas, sai kawai ta daskare. Analog irin ta farko ce, tana yi maka gargaɗi tun da wuri, ka ga yayyafin na ƙaruwa ka juyo da jirgi.

DJI da Walksnail matse hoto suke yi kafin su turo, kuma magana ce ta kai da komowa: tabaran ma yana watsawa, yana ce wa jirgi "wannan gutsuren bai iso ba, sake turowa." Shi ya sa hotonsu ke jure wa bango da ganye fiye da yadda za ka zata. Amma sake turowar nan lokaci take ci. In sigina na da ƙarfi, jinkirin isowar hoto a DJI na farko wajen milisakan 28 ne (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). Da ta raunana sai jinkirin ya ƙaru, gefen hoto ya dushe, ya fara tsalle, wani lokaci ya tsaya cak kai kuma jirginka na ci gaba da tafiya. Yi lissafin da kanka. Jirgi mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa. A milisakan 30 ya wuce abin da idonka ke gani da kusan mita ɗaya. In jinkirin ya kai 100, kusan mita uku ke nan, kuma ba a sanar da kai ba. Hannu na iya sabawa da jinkiri in dai ba ya canzawa. Wanda ke hawa da sauka shi ke kai mutum bango.

HDZero ya ɗauki wata hanya. Hanya ɗaya yake watsawa, ba ya jiran amsa, ba ya sake turo abin da ya ɓace. Abin da ya ɓace sai ya fito a allo kamar ƙananan tabo masu walƙiya, jinkirin kuma yana nan inda yake. Hotonsa bai kai na DJI kyau ba, ko kusa, kuma ya fi saurin lalacewa a bayan gini. Amma masu tsere shi suke so, kuma ni ma da tsere nake yi shi zan ɗauka. Mai ɗaukar biki ko gona ko gini, wanda ke tafiya a hankali yana neman hoton da zai sayar, DJI ya fi masa. Walksnail yana tsakani, ga shi da ƙananan na'urori marasa nauyi da ke shiga ƙaramin jirgi. Saboda haka in an tambaye ka wanne ya fi, kai ma ka tambaya: me za ka yi da shi, a ina za ka tashi?

Kuma kada ka bari wani ya ruɗe ka da miliwat, wato ma'aunin ƙarfin watsawa. Don nisa ya ninka biyu sai ƙarfi ya ninka huɗu. Eriya mai kyau ta fi wannan araha. Ka lura da juyinta: akwai ta dama, RHCP, wadda masu analog da HDZero suka fi amfani da ita, akwai ta hagu, LHCP, irin wadda ke zuwa da Walksnail da tsohon DJI. Ka haɗa dama a jirgi da hagu a tabarau, ka zubar da mafi yawan siginarka tun ba a tashi ba. Sannan bakin da ake ɗaurawa. SMA da RP-SMA zarensu ɗaya ne, za su ɗauru daram, amma ka leƙa ciki: dole ɗaya ya kasance da tsinke, ɗayan da rami. In rami ya haɗu da rami, ka ɗaura ƙarfe ne kawai, eriyar ba ta taɓa komai ba. Kuma tunda tabaran DJI da Walksnail suna watsawa, kunna su a haka daidai yake da kunna su ba eriya, yana iya ƙona su.

Zafin garin nan ma abin lura ne. Na'urorin nan iskar farfela ce ke sanyaya su. In jirgi na kan tebur kana saiti, ka kunna masa ƙaramar fankar nan tun kafin ka jona batir. Tabarau kuma kada a taɓa ajiye shi gilasansa na kallon rana. Gilashin tattara haske yake yi, cikin ɗan lokaci ya ƙona allon, tabon kuma ba ya gyaruwa. Ka riƙa gaya wa duk wanda ya saya a hannunmu, domin a filin ɗauka ake yawan mantawa a ɗora shi kan mota.

Shi mai bidiyon, in ya zo gobe, ka nuna masa zaɓinsa biyu: ko mu cire Walksnail mu saka masa na'urar DJI da ta dace da tabaransa, ko ya bar jirgin yadda yake ya nemi tabaran Walksnail. Ka fara duba lambar tabaran, ka kuma auna ko na'urar za ta shiga tsakanin ginshiƙan jirgin kafin ka faɗa masa kuɗi. Ka tambaye shi kuma ko yana da izinin tashi daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, tunda aikin kuɗi zai yi da shi a kan taron jama'a.