Notuna da kusoshi sun cakuɗe mini a gwangwani guda, yaya zan shirya su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗan taɓa gyare-gyare a gida: babur, janareta, ƙofa ko kujera. Notuna da sukuru da kusoshi duk a gwangwani guda nake tara su, kullum sai na zazzage su ƙasa kafin in samu wanda nake nema, wasu ma sun yi tsatsa. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka nemi mazubi, shimfiɗa buhu ka juye gwangwanin, ka fara da tsincewa. Wanda zarensa, wato layukan murɗi da suka zagaye jikinsa, ya cinye, ko ya lanƙwashe, ko kansa ya goge har sifana na zamewa, tara wa 'yan gwangwan. Kada ka ji ƙyashin rabuwa da su, irinsu ne ke lalata ramin da yake lafiya lau. Sannan ka ware na katako, wato kusa da sukuru masu tsini, daga na inji.

A na injin aikin yake. Yawancin mutane da lambar sifana suke rabawa, kuma nan ake tafka kuskure. Namijin noti mai kaurin milimita 8, wanda ake rubutawa M8, a kayan Turai sifana 13 ke kama shi, amma a motoci da baburan Japan 12 ce. M10 kuwa za ka same shi da kan 17, ko 16, ko 14. Kai ya bambanta, jiki ɗaya ne. Don haka kauri da zare za ka bi.

Shi ma zaren iri-iri ne. M10 na gama-gari tazarar zarensa milimita 1.5 ce, amma akwai mai ƙananan zare na 1.25, wanda ya yi yawa a motocin Japan. Ga kuma na inci da ke zuwa jikin kayan Amurka: mai 5/16 a ido kamar M8 yake, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu sannan ya cije. Idan ka matsa masa da sifana, ka kashe ramin ke nan.

Dabarar da nake ba kowa ita ce ka sayi macen noti sababbi, M5, M6, M8, M10 da M12, ka zura su a waya ka rataye. Duk namijin da ka ɗauko, gwada shi da yatsu kawai. Wanda ya shige sumul har ƙarshe, gidansa ke nan.

Ka duba kan notin ma. Lambobi irin 4.6, 8.8 da 10.9 ƙarfin ƙarfen suke nunawa. Masu 8.8 zuwa sama ka ware musu wuri nasu, domin abin da ya shafi birki ko ƙafar babur ba a ɗaura masa mai 4.6, rai ne a kai.

Mazubi ba sai ka kashe kuɗi ba. Robobi masu murfi waɗanda ake ganin cikinsu sun wadatar, sun ma fi kwalba tunda ba sa fashewa. Rubuta girman a jiki, ka manna samfuri ɗaya a gefe. In kana da kanta, ɗaure murafen a ƙarƙashinta da sukuru biyu-biyu, sai ka riƙa murɗo robar kana mayarwa. Hakan na nisanta su da hannun yara, waɗanda ba sa jin wuyar jefa ƙaramin noti a baki.

Masu ɗan tsatsa kuwa, jiƙa su a kananzir su kwana, ka goge da buroshin waya, ka ɗan shafa musu man inji. Ban da na katako, mai yana ɓata itace. Da damina kada ka bar robobin a daɓen siminti, laima na tasowa daga nan.

Ranar da za ka kwance janareta, huda kwali ka soke kowane noti daidai yadda yake a jikin injin, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana iya fasa jikin injin.